Gida Na Biyar a Bulumkutu

Wani ne a unguwar Bulumkutu ta Borno, irin mutanen nan da suka san yadda za a gyara Najeriya amma ba su san inda ake sayar da gero ba. Kullum yana teburin mai shayi yana raba wa ƙasashen duniya laifi. Ya taɓa tsayawa takarar kansila, ya samu ƙuri'a goma sha ɗaya, har yau yana rantsuwa maguɗi aka yi masa. Matarsa Kellu ta gaji, ta tattara ta yi yaji zuwa gidan mahaifiyarta, Ya Fanna. Sau uku yana aika biko, amsar tsohuwar ɗaya ce: ranar da ya samu aiki ya riƙe shi, ya zo a yi magana.

Sai ga aiki ya faɗo. Wata Dakta Tabitha, 'yar kudancin Borno da ke koyarwa a wata jami'a a Turai, ta zo bincike kan waɗanda rikici ya raba da gidajensu, da yadda suke kallon dimokuraɗiyya. Tana neman masu bi gida-gida suna yi wa mutane tambayoyi. Gogan naka ya rubuta a takardarsa cewa shi ƙwararre ne a harkar sulhu, bai taɓa samun saɓani da kowa ba. Aka ɗauke shi, aka ba shi kwamfutar hannu da wata riga mai aljihu bakwai.

Dakta ta kafa masa doka. Ka ƙirga gidaje, duk gida na biyar ka shiga, ba tsallakewa ko da kura ce a zaure. Ka karanta tambaya yadda aka rubuta ta. Abin da aka faɗa ka rubuta, ba gardama, ba ɓata fuska. Ta ce ranar farko da kanta za ta bi shi, wanda ya karya doka kuwa ya tuɓe riga ya kama gabansa.

Gidan farko suka tarar da wani dattijo a kan tabarma. Yana ganin rigar, ko sallama bai bari sun gama ba, ya ce shekararsa sittin da biyu, 'ya'yansa tara, daga Zabarmari ya taso, gwamnati kuwa ya ɗan yarda da ita amma bai yarda ƙwarai ba. Ya ce su ne na goma sha huɗu da suka zo masa a bana. Har gyara wa mutumin namu ya yi, wai ya tsallake tambayar rijiya.

Suka fito, gogan ya ci gaba da ƙirga yana taƙama. Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Sai ya tsaya cak. Gida na biyar mai koren ƙyaure, gidan Ya Fanna ne.

Ya sake ƙirgawa, ya sa shagon mai caji a ciki. Dakta ta ce shago ba gida ba ne. Ya ce wancan kangon fa, ai awaki na kwana a ciki. Ta ce awaki ba sa zaɓe. Ya so ya ce mata gidan surukarsa ne, sai ya tuna abin da ya rubuta a takardar neman aiki, ya haɗiye maganar. Wallahi na tausaya masa a nan, amma kaɗan.

Tun daga zaure ya tuɓe takalmi, ya shiga a durƙushe, kai a ƙasa. Dakta ta yaba, ta ce ba ta taɓa ganin ma'aikaci mai ladabi irinsa ba. Ya Fanna tana tsakar gida tana tsince shinkafa. Ta dube shi, ta dubi rigar, ta dubi baƙuwar, nan take ta gane komai. Tsohuwar nan ba ta tona shi ba, da ma ta tona da ya fi masa sauƙi. Ta ce, "Wushe, wushe. Maraba da baƙi. Daga ina?"

Aka shimfiɗa tabarma. Tambayar farko, sai ya rubuta sunan duk baligin da ke gidan da shekarunsa. Mutumin da ko idon surukarsa bai taɓa kallo ba, yau shi ne zai tambaye ta shekarunta. Ya tambaya da wata 'yar murya kamar ta sauro. Ta ce ya rubuta na uwarsa, ya ƙara biyu.

Kwamfutar ce ke zaɓen wanda za a yi hira da shi a cikin gida. Ya danna yana addu'a a ransa. Ta zaɓi Kellu.

Kellu ta fito da lafayarta, ta zauna, ta kalle shi kamar yau ta fara ganinsa. Ya karanta: shin nan ne gidanki na asali? Ta ce a'a. Me ya raba ki da gidanki? Ta ce rikici. An kwashe miki dukiya? Ta ce ƙwarai, keken ɗinkinta aka ɗauke da rana tsaka, aka sayar aka buga fastocin siyasa.

Dakta ta gyara zama, ta zaro littafinta. Ta ce wannan sabon abu ne, rikici da siyasa a wuri ɗaya, shekara uku tana neman irinsa. Ta tambaya ko maharan suna da yawa.

Kellu ta ce, "Shi kaɗai ne. Sai magoya bayansa, su tara, suna wurin mai shayi."

Dakta ta tambaya ko yana ɗauke da makami. Ya Fanna ta ce baki ne kawai, amma ya fi bindiga, don ita bindiga harsashinta na ƙarewa. Gogan yana rubutawa kalma bayan kalma, gumi na ɗiga a kan kwamfuta, ba damar ɓata fuska.

Aka zo ɓangaren dimokuraɗiyya. Ya karanta: kin jefa ƙuri'a a zaɓen kansila da ya wuce? Ta ce ta jefa. Wa kika zaɓa? Ta ce wanda ya ci.

Nan ya manta da doka, ya ɗago kai. "Kellu, ashe ba ki..."

Dakta ta ce, "Malam, yadda aka rubuta."

Ya mayar da kai. Shekara biyu yana ƙirga ta a cikin goma sha ɗayan nan, yanzu bai san ko waye na sha ɗayan ba.

Saura tambaya ɗaya, ita ce kuma wadda ya aika mutum uku su yi masa ba su samo amsa ba. Ya karanta: idan zaman lafiya ya samu, za ki koma gidanki? Kellu ta ce sai ta ga ko maharin ya tuba da gaske, don an ce ya samu aiki, amma irinsu ba sa kai mako. Dakta ta ce amsa ce mai zurfi, za ta sa ta a farkon littafinta.

Gogan ya yi ajiyar zuciya, ya karanta jawabin rufewa yadda aka rubuta shi: "Mun gode da lokacinki. Muna tabbatar miki cewa wanda ya raba ki da gidanki ba zai taɓa sanin abin da kika faɗa ba."

Kellu ta miƙe tana gyara lafaya, ta ce, "Wannan kam ko ba ku tabbatar ba. Shekara shida ina faɗa masa ido da ido, har yau bai sani ba."