Munin Walda Ya Ceci Gonar Yayata

Jama'a, ku bari in numfasa tukuna. Ran nan tun da sassafe nake layin man gas da jarka a hannu, rana ta gasa min ƙeya, wani mai babur ya take min yatsa ko sannu bai ce ba. Da na samu man sai na taho ina taƙama kamar ni na haƙo shi. Ina isa gindin bishiyar da muke ajiye 'yar taraktar ƙungiyarmu ta manoma, sai na tarar da garma kwance a ƙasa, direbanmu, wanda muke kira Sitiyari, ya zabga tagumi a kan taya.

Ga wanda bai san tarakta ba, a bayanta akwai hannayen ƙarfe biyu a ƙasa da ɗaya a sama. Su ke riƙe garma, su ɗaga ta, su sauke ta. To hannun hagu ne ya lanƙwashe, ya tsage dab da idonsa, fil ɗin da ke ɗaure shi kuma ya yi nasa wuri.

Ga shi kuwa ranar layin Yayata ce na huɗa. An sha ruwa mai kyau, ƙasa ta yi laushi, in kuwa ta bushe garma ba za ta ci ba, layin kuma ya wuce zuwa wani. Gonar nan ita ce cin gidanta tun da mijinta ya rasu.

Na ce, "Sitiyari, me ya faru?"

Ya ce, "Mai Girma Mai Almakashi ne ya faru."

Kun san shi ai, bawan Allahn nan da ba ya fita sai da almakashin yanke zaren buɗe aiki. Ashe jiya motarsa ta kafe a taɓo, a kan hanyar da shi da kansa ya buɗe bara. Allah ya saka masa, hanya ce mai kyau, agwagi ma suna yaba ta. Yaransa suka zo suka tasa Sitiyari gaba. Akwai ƙugiyar ja a ƙasa, wadda aka yi ta don wannan aikin, amma sai an durƙusa a taɓo kafin a kai gare ta, su kuwa fararen kaya ne a jikinsu. Sai suka maƙala sarƙa a hannun garma, don shi ne a kusa. Mota ta fito, hannu ya tafi, Mai Girma ya ɗago wa Sitiyari yatsu biyu ta gilashi.

Muna cikin haka sai ga Yaya da buhun iri a ka. Ta dubi tarakta, ta dube ni.

"Auta, kai da kake rubutu a jarida, bakinka ya mutu ne? Tashi ka je ofishin hukumar noma."

Furfura ta cika min gemu, amma har yau Auta nake a wurinta. Na tashi.

A ofis na samu Oga Mai Kujerar Juyi yana shan iskar fanka. Na gaishe shi har ƙasa, na faɗi abin da ke tafe da ni.

Ya ce, "Injiniyanmu ya tafi taron ƙara wa juna sani kan kula da taraktoci."

"Yaushe zai dawo, ranka ya daɗe?"

"In an gama, akwai taron bitar taron."

Ya ƙara da cewa kada wanda ya kuskura ya taɓa ta, kayan hukuma ce. Kuma gobe za a zo a ɗauke ta, a wanke, a ɗaura mata ƙyalle, don Mai Girma zai miƙa sabuwar tarakta ga manoman ƙauyen gaba.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai mu aka ba."

Ya ce, "An ba ku mana. Su ma za a ba su. Kai ba ka son adalci?"

Na yi godiya na fito. Wannan irin tattali sai manya: tarakta ɗaya, kowane ƙauye ya samu, kowa ya yi tafi.

Na koma na mayar wa Yaya. Ta sa Sitiyari ya kwance hannun da sifana, ta ɗora min shi a kafaɗa, ta nuna min hanyar shagon Mai Walda. Na ce an hana fa. Ta ce, "In sun zo kamu, ka ce ni ce. Su zo su ciyar da 'ya'yan."

Mai Walda ya juya ƙarfen, ya yi tsaki. Babu wuta, kamar kullum, sai da muka tsiyaya wa janaretansa daga man da na sha rana a kai, ina kallo kamar jinina ake zuba. Ya gasa hannun har ya yi ja, ya ɗora a maƙera, ni ina riƙe da awartaki shi yana kirɓa guduma, har ya miƙe. Ya fafe tsagar ya cike ta. Sannan ya ce ɗinki kaɗai ba zai ɗauki garma ba, sai an yi masa goyo. Ya leƙa bayan shago ya jawo ƙafar wani tsohon gadon ƙarfe, ya yanka, ya lafta a gefe da gefe. Fil kuwa, da wani ƙaton noti ya musanya shi, ya huda bakinsa ya zura ƙusa ya tanƙware.

Jama'a, aiki ya yi ƙarfi, amma muni ba a magana. Baƙi ƙirin, duk ƙulu-ƙulu, ga ragowar shuɗin fentin gado yana leƙe. Na ce a ɗan goge a shafa fenti mana. Yaya ta ce, "Fenti ke huɗa? Ɗauko mu tafi."

Washegari da safe aka maƙala garma. Sitiyari ya ja liba, ta ɗagu, ya sauke, ta nutse a ƙasa. Ƙamshin danshi ya tashi, na ga Yaya tana share ido da bakin mayafi.

Ko rabin gona ba a kai ba sai ga motar ofis. Oga ya fito da jan ƙyalle a hannu, mai hoto na biye da shi. Yaya ta je ta tsaya a gaban taya, ta riƙe ƙugu.

Amma ko magana ba a kai ga yi ba. Mai hoto ya zagaya baya, ya tsaya cak.

"Oga, wannan ba za ta shiga hoto ba. Kowa ya gani ya san ba sabuwa ba ce."

"Ka ɗauka ta gaba mana."

"Mai Girma ta baya yake tsayawa, ya dafa garma."

Oga ya zo ya duba da kansa. Ya yi salati, ya ce mun ɓata kayan hukuma, mun ci amanar manya, mu marasa godiya ne. Ya ce daga yau babu ruwan ofis da wannan gwangwani, mu je mu ƙarata da ita. Yaya ta ce, "Mun karɓi horo, ranka ya daɗe. A ɗan matsa, kana kan kunya."

Kafin la'asar an gama huɗa, kafin magariba iri ya shiga ƙasa.

Jiya na bi ta shagon Mai Walda in yi masa godiya, na tarar da layi ya fi na gidan mai. Direbobin wasu ƙauyuka ne da taraktocin da hukuma ta ba su, lafiyarsu ƙalau, ko ƙwarzane babu, kowa na roƙo a lafta masa irin na Yaya, kada ofis ya zo ya ɗauke. Mai tsohon gadon ƙarfe a gida ya ɓoye shi, kafin manya su ji labari su kafa masa kwamiti.