Gumurzun Ukasha da Tambaya ta Huɗu

Da sunan Sarkin da ke ɗaukaka wanda ya so muke buɗe tarihin Ukasha ɗan Mamman Tela, jikan Barau Mai Sikeli, Sadaukin Bencin Baya, Garkuwan masu maimaita kwas, namijin duniyar da ya kara da jarrabawar Bayokemistiri sau biyu, sau biyun kuma aka kwaso shi ranga-ranga. Namu ne, ba ma musu. Wannan karo na uku shi ne na ƙarshe, in ya faɗi jami'a ta sallame shi ba digiri.

Ranar Talata da hantsi ya shiga fagen fama, biro biyu a aljihu, kalkuleta a dama, ya tarar tambaya ta huɗu ta ja daga. Tambayar kan ruwan sinadarin gilaisin ce, daga zuriyar amino asid, an ba da lambarsa ta pKa 9.6, aka ce a nemo pH, wato ma'aunin tsamin ruwan. Sinadarin ya kasu runduna biyu: wadda ta riƙe ƙwayar furoton 0.05 ce, wadda ta saki nata ita ma 0.05.

"Yau ko ni ko ke!" in ji Ukasha, har mai sa ido ya harare shi.

Ya zare ƙa'idar lissafi, ya raba 0.05 da 0.05, ya samu ɗaya. Ya danna maɓallin log, kalkuleta ta ce sifiri. Ya tara sifirin da pKa, sai ga 9.6, lambar nan dai da ke zaune cikin tambaya. Minti biyu kacal!

Nan fa hankalin gwarzo ya tashi, domin a mazhabarmu ta bencin baya, amsar da ba a yi mata gumi ba tarko ce. Dakta Safiyanu, mai kwas ɗin, ya ba da maki a ɓagas? Ina! Ya buga kalkuleta a cinya, ya karɓi ƙarin takarda, ya tono wata pKa daga haddarsa, ya gwama ta da 9.6, ya raba biyu, bayan shafi uku na jihadi ya soke 9.6, ya kafa tutar 5.97, ya ja mata layi biyu. Ya fito yana taƙama, mu kuwa muka yi ta jinjina masa.

Sakamako ya fito: talatin da tara, ana cin jarrabawa da arba'in. Dakta ya kira shi ofis, ya ɗora yatsa kan 9.6 ɗin da aka soke, wadda ita ce amsar daidai.

"Haba Ukasha! Tambayar nan saboda kai na sa ta, don ka wuce in huta."