Yadda Za Ka Rufe Bakin Magulmaciyar Kwamfuta Kafin Masu Bincike Su Iso

Kai jami'in kwamfuta da aka ce masu bincike suna nan tafe, share gumi ka gyara zama. Matakan nan shida tabbatattu ne, an gwada su a ƙananan hukumomi huɗu, kuma wanda ya gwada su har yau yana cin tuwonsa da man shanu. Sunansa Maikasuwa, jami'in kwamfuta na wata ƙungiyar manoma mai hedikwata a Kazaure da rassa a Babura, Roni da Gwiwa. Bi sawunsa, na ba ka tabbacin allonka zai yi kore shar kamar gonar shinkafa a tsakiyar damina.

Mataki na 1: San abokiyar gabarka

Ƙungiyar tana ajiye sunayen manoma da hotunansu da lambobin katin ɗan ƙasa a kwamfutoci goma sha biyu. Saboda haka abokan hulɗarta suka sa aka dasa wata manhaja a cikin kowace ɗaya, aikinta kai rahoto. Duk awa sai ta sanar da wani allo a hedikwata ko an sabunta rigakafin bairos, ko kalmar sirri ta tsufa, ko kwamfuta tana kulle kanta in an bar ta minti biyar. Mai lafiya kore, mai laifi ja. Ma'aikata suka raɗa mata suna Magulmaciya.

Kada ka yi tunanin lallashinta. Ba ta shan shayi, ba ta zuwa suna, ba ta san mahaifinka ba.

Ranar da Hajiya Batulu, shugabar ƙungiyar, ta leƙa allon, ta tarar da shi jajir kamar an shanya tattasai.

"Maikasuwa, saura mako uku a zo bincike," ta ce. "In muka faɗi, ba zan sa hannu a takardar tabbatar da kai a aiki ba. Akwai wani ɗan Yankwashi da ya kawo takardunsa."

Shi kuwa Maikasuwa shekara biyu ke nan yana jiran takardar nan.

Mataki na 2: Ɗora wa netwok laifi

Netwok ba ya kare kansa, don haka yi amfani da shi. Ka ce kwamfutar reshen Gwiwa ba ta ganin caji sai ranar kasuwa. Ka ce ta Babura in iska ta kaɗa sai ta kama layin Nijar, Magulmaciya ta rubuta cewa kwamfutar ta fita ƙasar waje ba izini. Duka gaskiya ne, shi ya sa suke da daɗin faɗa. Wannan matakin kwana biyu kawai yake saya maka, amma a wurin mai neman tsira kwana biyu ba wasa ba ne.

Mataki na 3: Kwashe su duka

Ga hikimar da malaman jami'a suke ɓoye maka: kwamfutar da ba a taɓa ta ba ta yin laifi. Mutane ne matsalar.

Maikasuwa ya hau babur ya zaga rassa yana cewa za a kai kwamfutoci wanki. Ya nannaɗe su a bargo, ya ɗaure a bayan babur, ya jera goma sha ɗaya a ɗakin ajiya na hedikwata kusa da buhunan iri. Ya jona su da intanet ɗin wayarsa, ya sabunta komai, ya datse ƙofa da kwaɗo. Rassa suka koma takarda da biro. Allo ya fara yin kore ɗaya bayan ɗaya, Maikasuwa yana taka rawa shi kaɗai a gaban buhuna.

Mataki na 4: In ka zo kan dattijo, rage gudu

Ta goma sha biyu tana hannun Baba Kura, shugaban reshen Roni, tsohon malamin gona wanda ya girmi mahaifin Maikasuwa. Ba a shiga wurinsa a ce "kawo". Sai ka durƙusa, a tambayi gajiya, a tambayi ruwa, a tambayi mutanen Kazaure gida gida. Kafin a kai kan awaki minti biyar sun cika, kwamfuta ta kulle kanta. Shi ya sa Baba ya sa aka cire masa kullen tuntuni.

"Ɗana, wannan abar ba ta da tarbiyya," ya ce. "Ina gaisawa da mutane tana rufe fuska."

Kalmar sirrinsa kuwa sunan jikarsa ne, kuma mai shayin bakin ofis ya san ta, liman ya san ta. A ganin Baba, ka ɓoye wa mutum abu, ka ce masa ɓarawo ke nan.

"Baba, da za a ba ni ita na kwana biyu..."

"Aikin mutane fa? Zauna ka gyara ta a nan."

Haka Maikasuwa ya yi ta zarya tsakanin duwatsun Roni har sau biyar. Ya mayar da kullen, ya roƙi Baba ya zaɓi sabuwar kalma mai tsawo da lambobi, kada ya rubuta, kada ya faɗa wa kowa. "Baba, sunayen talakawa ne a ciki, amana ce." Baba ya kore shi waje, ya danna sabuwar kalmar da yatsa ɗaya. Allo ya cika kore goma sha biyu, amma zuciyar Maikasuwa ba ta kwanta da ta Roni ba.

Mataki na 5: Ranar bincike, sa babbar riga

Mai binciken, Malama Lubna, ta iso da jaka ƙarama da murmushin da ba ya nuna komai. Ta dubi allon, ta danna wani wuri da Maikasuwa bai taɓa dannawa ba.

"Malam Maikasuwa, Magulmaciyar taku ta ce goma sha ɗaya suna kan intanet ɗin waya guda, kuma kusan mako uku ba a buɗe fayil ko ɗaya a cikinsu ba. Sunan wayar 'Maikasuwa Ba Ka Asara'. Ka san mai ita?"

A nan kada ka ƙara wata ƙarya. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kai kuma ka riga ka kai ƙarshensa.

"Guda ɗaya ce take aiki, ta Roni," ta ce wa Hajiya Batulu. "Da ita zan yanke hukunci."

Suka ɗunguma zuwa Roni, Maikasuwa yana salati a kujerar baya. Baba Kura ya tarbe su da fura da ƙwan zabi. Ana cikin gaisuwa kwamfuta ta kulle kanta, Malama Lubna ta rubuta wani abu. Can ta ce cikin ladabi, "Baba, ko za a faɗa mini kalmar sirri in ɗan duba?"

Maikasuwa ya runtse ido. Mutumin da ya faɗa wa mai shayi, zai hana baƙuwa?

Baba ya gyara rawani. "'Yata, fura taki ce, ƙwai naki ne, har zabin in kina so. Wannan kuwa amanar talakawa ce. Ko yaron nan ban faɗa masa ba."

Malama Lubna ta rufe littafinta. Ta ce a duk yawonta ba ta ga inda horo ya shiga jiki haka ba, kuma wanda ya koyar da Baba ya san aikinsa. Ta ba da wata guda a mayar da sauran wurarensu a gyara su kamar ta Roni. Hajiya Batulu ta harari Maikasuwa, amma ta ce ya zo da takardar ranar Litinin.

Mataki na 6: Koma ka yi godiya

Da mota ta juya, Maikasuwa ya tsaya a Roni, ya zube gaban Baba, idonsa ya kawo ruwa don murna.

"Baba, kun rufa mini asiri."

Baba ya leƙa ƙofa, ya rage murya. "Ɗana, Allah ne ya rufa mana. Da safe na buɗe ta, tun daga nan na manta kalmar nan. Tashi ka buɗe mini."

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba shi da hannu in bargonka ya kwance a hanyar Gwiwa, ko ɗan Yankwashi ya gaje kujerarka. Musamman ba ya ɗaukar alhaki in ka yi rashin sa'a naka dattijon yana da kaifin tunani. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa.