Ranar da Minjirya Ta Ja Ni a Gaban Surukina

Ba zan taɓa mantawa da wata Juma'a ba, ko da zan kai shekara ɗari a duniya. Ni malamin kimiyya ne a wata sakandare a nan Haɗeja, kuma a lokacin ji nake babu wata halittar ruwa da ban san sirrinta ba.

Wani zuwa Kano da na yi, sai na sayo akwatin gilashi na kiwon kifi, da jajayen kifayen ado guda shida. Na girke shi a falo, kusa da talabijin. Bayan mako biyu na ga ai ya kamata a samu ɗan gida a cikinsu, sai na hau babur na nufi bakin kogi.

A kwalekwalen wani dattijon masunci, Malam Bukar, na hango wata 'yar lukutar kifi mai ɗigo-ɗigo, ga gashin baki. Na ce ita nake so da ranta.

Ya ce, "Malam, minjirya ce fa. Ba ta zama da kowa."

Na ce, "Ai ƙarama ce, Baba. Za su saba." (Har da ɗan murmushin nan na masu boko, Allah Ya yafe mini.) Sai ya juye mini ita a bokiti.

Cikin kwana huɗu jajaye uku suka mutu. Na ɗora wa ruwan famfo laifi.

Ranar Juma'ar, mahaifin matata Hajara ya zo daga Kafin Hausa, zuwansa na farko gidanmu. Mutum ne mai ƙarancin magana, wanda ko ido ba na iya haɗawa da shi. Bayan mun sauko daga masallaci Hajara ta kawo zoɓo ta koma ciki. Ni kuwa, don in burge shi, na shiga yi masa lacca kan yadda kifaye ke zaman lafiya da juna. Ina cikin zuba sai ga ja na huɗu ya taso, ciki a sama.

Na naɗe hannun sabuwar shaddata don in ciro shi. Baba ya dubi akwatin, ya dubi hannuna, ya buɗe baki kamar zai yi magana, ya fasa. Na tsoma, minjirya ta ja ni kamar na taɓa wayar lantarki.

Jama'a, ban san ina da irin wannan muryar ba. "Wayyo Inna!" na kurma, na yi baya, na take farantin zoɓo, na zauna daɓas a cikinsa. Hulata kuma ta faɗa ruwan, minjirya na kewaya ta.

Baba ya kurɓi wanda ya rage a kofinsa, ya ce, "Sannu, Malam. Na so in hana ka, to sai na ga kai ne malamin."

Daga bayan labule na ji Hajara tana dariya har da tari.

Da la'asar na mayar da minjirya kogi, jajaye biyun da suka rage suka samu sararin numfashi. Labarin kuwa ya riga ni isa makaranta. Har yau ɗalibai Malam Lantarki suke ce mini a bayan idona.

Tun daga nan, in na ga dattijo ya buɗe baki ya fasa magana, hannuna nake mayarwa aljihu in ce, "Baba, ina jin ku."