Mai Korar Jan-Baki

Na dawo daga kwas ɗin kula da masu taɓin hankali ina jin ko tari mutum ya yi zan gane abin da ke kansa. Ran nan ina zagayawa da ɗalibai a asibitinmu na Haɗejia, sai wani dattijo a baranda ya zabura, ya ɗaga hannu sama yana ihu, "Haa! Haa!"

Na gyara tsayuwa na ce, "Ku lura, yana ganin abin da ba ma gani." Na sa aka rirriƙe shi, na tausasa murya. "Baba, su wa kake gani?"

"Jan-baki mana! Kai ba ka da ido ne?"

Na ɗaga kai, sai ga garken tsuntsayen nan masu cinye shinkafa suna wucewa. Ashe manomi ne daga Guri, tun da shinkafarsa ta fitar da kai yake korarsu, har bakinsa ya saba. Shi lafiyarsa ƙalau, ya kawo ƙaninsa ne, wanda ya daina barci da magana tun da ambaliya ta cinye gonarsa. Shi kuwa da ya ga yadda muka damƙe yayansa, sai ya sulale. Da ƙyar aka lallashe shi ya dawo, kuma har aka sallame shi bai yarda na matso kusa da gadonsa ba. Wannan ke ci mini rai.

Har yau ko tattabara ta sauka a taga, sai wata nas ta ƙwala mini kira, "Malam, yi sauri, sun dawo!"