Ranar da Na Baro Waliyyi a Nyanya

Har gobe ba zan manta da Asabar ɗin ɗaurin auren abokina Sadiq ba, kuma duk tsohon babur ɗin mahaifina ne ya jawo.

Babur ɗin ya girme ni. Na kai shi Utako wurin wani bakanike, Oga Danjuma, mutumin Kwali, ya cire tsohon kwantak mai tada wutar injin ya sa na'urar zamani mai ba filogi wuta daga batir. Ya ce, "Oga, wannan babur cajin nata kaɗan ne. Kar ka ƙara mata kaya. In batir ta mutu, injin ma ta mutu."

Na ce to. Washegari na ɗaura fitilu huɗu masu walƙiya da lasifika (ku yafe min, ƙuruciya ce).

Ranar ɗaurin aure motoci suka cushe a Nyanya, ga waliyyin ango, Kawu Isa, can ya maƙale. Dattijo ne siriri, mara yawan magana. Na bugi ƙirji na ce ni zan ɗauko shi. Na je na ɗauko shi kuwa, fitilu a kunne da rana tsaka, lasifika na tashi. Muka shiga cunkoso, injin yana tafiyar hawainiya, caji ba ya shiga, kayan adona suna ta zuƙe batir. Gaban tasha babur ya yi tari sau biyu ya mutu.

Na taka kik har gumi ya jiƙa min shadda. Shiru.

"Kashe tarkacen nan, ɗan nan," in ji Kawu. "Hau, in tura ka."

Ya naɗe babbar riga ya tura. Babur ya kama! Na ce, "Kawu, hau da sauri!" Na ji bayan ya ɗan girgiza, na murɗa totur. Duk hanya ina ba shi labarin ƙarfin babura na da, ina jin daɗin yadda yake saurare.

Na tsaya ƙofar masallaci cikin isa, jama'a cike. Sadiq ya taho da gudu.

"Ina Kawu?"

"Ga shi na..." Na waiwaya. Wayam. Babu kowa.

Innalillahi! Na fara tunanin a wace kwana ya faɗi, da wane baki zan gaya wa iyalansa. Liman ya cire tabarau yana kallona. Minti arba'in aka yi ana jira (wayar Kawu tana cikin jakar da ya rataya a babur ɗina).

Can sai ga shi a keke mai ƙafa uku, hula a hannu. Ashe ko hawa bai yi ba. Bai yi faɗa ba. Ya dube ni a gaban kowa ya ce, "Sannu da zuwa. Ya hanya?"

Tun daga ranar, duk wanda na ɗauko a babur, ba na ba shi labari. Tambaya nake yi masa, in jira amsa.