Batirin Babur da Aikin Jikata

Shekara talatin na yi ina gyaran rediyo a kasuwar Talata Mafara, don haka da jikata Rabi ta kawo aikinta na kammala karatu, sai na gyara zama kamar alƙali. Ƙananan na'urori ne guda biyu, kowacce ba ta fi akwatin ashana ba. In ta danna ɗaya a gida, ɗayar sai ta kama saƙon ta iska, ta kunna injin ban-ruwa a gona. Wata huɗu tana haɗa su, washegari za ta nuna wa malamanta.

Da ta shiga sallar la'asar, na leƙa na ga 'yan batiran tocila biyu ne ke ba na'urar da ake dannawa a gida wuta. Na ce wannan ai yunwa ce, ina saƙo zai kai gona? Na ciro batirin babur ɗina na jona.

Hayaƙin ɗan kaɗan ne, amma na san warin.

Rabi ta fito, ta ɗauki abin ta jujjuya. Yarinyar da kullum ke tsokanata da "mijina tsoho", ranar cewa ta yi, "Ba komai, Kaka." Babu mai sayar da irin kayan da suka ƙone a Mafara. Abokan karatunta suka gama, ita sai da shekara ta zagayo. Shekarar nan ni na ci mata.

Yanzu wasan ya dawo. Ko waya ta ajiye a tabarma, in na matso sai ta ce, "Mijina, hannu a aljihu!" Ni kuwa sai in sa.